Gwajin maganin homiyofati a kan mai lafiya, to me zai warkar?

Sadiq Indiya: Assalamu alaikum 'yan gida, fatan an yini lafiya. Dan Allah masana harkar magani ku taimaka min. Abokin zamana a nan yana karatun homiyofati, irin maganin nan na 'yan ƙwayoyi farare masu zaƙi da ake sayarwa ko'ina a ƙasar nan ta Indiya, to wai a kwalejinsu za a gwada wani sabon magani ana neman 'yan sa kai, kuma sharaɗin shi ne sai mai cikakkiyar lafiya. Za a ba ka kwalba babu suna ka riƙa sha, a haɗa maka da littafi ka riƙa rubuta duk abin da ka ji a jikinka har mafarkin da ka yi. Ni abin da ya ɗaure min kai, ta yaya za a gwada magani a kan wanda ba ya ciwon komai?

Garba Mai Raha: Wa alaikumus salam. Ka fara tambayarsu nawa za su biya, in da maiƙo ka saka sunana, ni mafarki kam ina da shi buhu buhu 😂

Maman Walid: Kul Sadiq! Karatu aka tura ka ba wannan ba. Mu mutanen Kano in aka ce gwajin magani gabanmu faɗuwa yake, ko an manta 1996 lokacin sanƙarau da aka gwada Trovan na Pfizer a kan yara wajen 200? yara 11 suka rasu, shekara da shekaru ana shari'a. Ka rufa wa Hajiyarka asiri dan Allah.

Anti Hauwa Famasis: Maman Walid tsoronki yana kan hanya, amma wannan daban ne, bari in ɗan warware. Sadiq, su a tsarinsu haka ake gwaji tun asali. Wanda ya ƙirƙiro abin wani likita ne Bajamushe, Samuel Hahnemann. A 1790 yana fassara littafin magunguna na wani likitan Sikotilan William Cullen, sai ya iso inda ake bayanin ɓawon itacen sinkona, wanda daga shi ake samo kwinin na zazzaɓin cizon sauro, bayanin bai gamsar da shi ba sai ya ce bari ya sha da kansa ya gani alhali lafiyarsa ƙalau. Ya rubuta cewa ƙafafunsa da kan yatsunsa sun yi sanyi, kasala ta rufe shi, zuciya na bugu, jiki na rawa, ga ƙishirwa, abin ya yi awa biyu zuwa uku ya sake shi, in ya ƙara sha ya dawo. Daga nan ya yanke cewa abin da ke jawo wa mai lafiya wasu alamomi shi ne zai warkar da mara lafiyan da ke da irin alamomin. Shi ya sa albasa ce maganin mura a wajensu tunda tana sa hawaye da majina, kofi kuma maganin rashin barci. To ka ga in ka yarda da wannan ƙa'ida dole sai mai lafiya za ka ba, ba ana son a ga ya warke ba ne, ana son a ga me zai same shi.

Sadiq Indiya: Ikon Allah. Kenan so ake in yi rashin lafiya Anti?

Anti Hauwa Famasis: So ake ka ji wani abu, ko mene ne. Hahnemann a kan kansa da iyalinsa da ɗalibansa na Leipzig ya riƙa yi. Ya hana su kofi da shayi da kayan yaji lokacin gwajin, har wasan dara na chess ya hana wai yana tayar da hankali. In sun kawo littattafansu sai ya zaunar da su ya yi ta yi musu tambayoyi, sannan a jera alamomin daga kai har ƙafa da na tunani, a haɗa da labaran mutanen da suka taɓa cin gubar abin a tsofaffin littattafai. Wani tsiro mai guba da ake kira Belladonna shi kaɗai ya tara masa alamomi sama da dubu. Wannan jerin shi ne jarin mai homiyofati har gobe, in ka je masa da ciwo zai duba wane magani ne jerinsa ya fi kama da abin da ka faɗa.

Alhaji Baban Usaina: Salamu alaikum. Ni dai ba ɗan boko ba ne amma na sha maganin nan na ga aikinsa. Da na kai ɗan'uwana asibiti a Indiya ina fama da atishawa da toshewar hanci, wani abokin kasuwancina ya kai ni wurin likitansu, mutumin nan ya zaunar da ni kusan awa guda yana tambayata, wane gefe nake kwanciya, ina son gishiri ko zaƙi, sanyi ya fi damuna ko zafi, ina da saurin fushi ko a'a. Tunda nake ba likitan da ya taɓa saurarona haka. Ya ba ni 'yan ƙwayoyi a wata siririyar kwalba ya ce kar in taɓa da hannu, in zuba a murfi in jefa ƙarƙashin harshe. Kafin mu dawo gida hancina ya buɗe. Kuma gwamnatin Indiya ma'aikata guda ta yi musu, in ƙarya ce ƙasa mai likitoci irin Indiya za ta yarda?

Sadiq Indiya: Gaskiya ne Baba Alhaji, ma'aikatar AYUSH mai kula da homiyofati da magungunan gargajiya, tun 2014 aka mayar da ita cikakkiyar ma'aikata. Digiri ne ma sukutum ake yi shekara biyar da rabi.

Malam Ɗanjuma Kimiyya: Ranka ya daɗe Alhaji ba wanda zai ce hancinka bai buɗe ba. Amma a bar ni in shigo da lissafi tunda shi ne abincina. Sadiq duba min jikin irin kwalaben abokin naka, akwai lamba da harafi?

Sadiq Indiya: Yawanci 30C nake gani Malam, wasu 200C

Malam Ɗanjuma Kimiyya: Yauwa. Ga ma'anarsa. A ɗauki ɗigo 1 na ainihin maganin a zuba cikin ɗigo 99 na ruwa ko sifirit a jijjiga da ƙarfi ana buga kwalbar a kan wani abu, wannan 1C kenan. Daga cikinsa a sake ɗaukar ɗigo 1 a zuba cikin sabon 99 a jijjiga, 2C. Haka za a yi ta yi har sau 30. Kowane zagaye ka raba da 100 ne, wato sifili biyu, to sau 30 ya zama 1 da sifili 60 a gabansa. Yanzu giram ɗaya na gishiri, ƙwayoyin zarrar da ke cikinsa duka duka ba su wuce kimanin 1 da sifili 22 ba, kun ga tun wajen zagaye na 12 gishirin ya ƙare ƙaf, sauran zagaye 18 ɗin ruwa ake sirkawa da ruwa. Sai a ɗiga wannan a kan ƙwayar sukari ta bushe. Kuma su a wajensu yawan sirkawar shi ne ƙarin ƙarfi, 200C ya fi 30C. Shi kansa Hahnemann da farko ainihin maganin yake gwadawa, daga baya ya koma cewa a yi gwajin da 30C.

Garba Mai Raha: Kai! ashe mai shayin layinmu babban likita ne ban sani ba, gwangwanin madara ɗaya yake sallamar unguwa da shi 🤣

Alhaji Baban Usaina: Garba ka fita idona. Malam to in babu komai a ciki, su masu gwajin daga ina suke samo abin da suke rubutawa? Ƙarya suke duka?

Anti Hauwa Famasis: Alhaji ba ƙarya suke ba, kuma nan ne gizo ke saƙar. Duk cikinmu nan a ba mutum littafi a ce daga yau ka sa wa jikinka ido na wata guda, wallahi sai ya cika shi ko bai sha komai ba. Yau kai ya ɗan sara, gobe ciki ya yi ƙugi, jibi ƙaiƙayi a bayan kunne, ka tashi da haushin kowa, ka yi mafarkin kana faɗowa daga bene. Duk muna jin waɗannan kullum, ba ma kula su ne kawai. Balle an ce maka ka sha wani abu da ba ka san mene ne ba, ga mai kula da kai yana kiranka yana to yau me ka ji? ai kunya ma ba za ta bar ka ka ce ba komai ba. Sannan wanda ya saba shan kofi kullum aka hana shi, ciwon kai zai yi, sai a rubuta a ce maganin ne. Mu ma a gwajin magungunan asibiti muna ganin haka, wanda aka ba ƙwayar bogi, wadda ba magani a cikinta, yana zuwa da ƙorafin jiri da tashin zuciya. Saboda haka tambayar ba ita ce ka ji wani abu ba, tambayar ita ce wanda ya sha maganin ya ji abin da wanda ya sha sukari zalla bai ji ba?

Malam Ɗanjuma Kimiyya: Kuma an gwada hakan tun mai abin yana raye. A 1835 a garin Nuremberg na Jamus rigima ta kaure tsakanin shugaban asibitocin garin, von Hoven, da wani likitan homiyofati mai suna Reuter wanda manyan gari ke zuwa wurinsa. Reuter ya bugi ƙirji ya ce kusan duk wanda ya sha gishirin girki da aka sirka zuwa 30C sai ya ji abin mamaki a jikinsa. Sai wani editan jarida ya ce to a yi a gaban jama'a. Aka taru sama da mutum 120, aka kawo kwalabe 100 aka sa musu lamba aka cakuɗa su, 50 aka zuba ruwan ƙanƙara da aka tace, 50 aka zuba sirkakken gishirin da masu haɗa magani suka haɗa yadda Reuter ya ce, aka rubuta wace lamba ce me a takarda aka liƙe ta, mai rabawa bai sani ba mai sha bai sani ba. Bayan sati uku mutum 50 suka kawo rahoto. 8 ne kacal suka ce sun ji wani abu, da aka buɗe takarda 5 gishiri suka sha, 3 ruwa zalla. Sauran 42 ko gezau.

Alhaji Baban Usaina: To ai 5 ya fi 3 Malam

Malam Ɗanjuma Kimiyya: Haka ne ranka ya daɗe, amma a mutum 50 tazarar 2 sa'a kaɗai tana kawo ta. Ka duba ɗaya gefen, 19 sun sha gishirin ba su ji komai ba, alhali an ce kusan kowa sai ya ji. Abin dariyar ma wannan gwajin yana cikin na farko farko a tarihi da aka rufe wa mai bayarwa da mai sha ido, wato rigimar homiyofati ta taimaka wajen haifar da hanyar da ake tantance magani da ita yau.

Ɗan Maraɗi: Salama alaikum 'yan uwa, ina biye da ku. Wannan ai tsohon labari na, zamani ya canza, ƙila yanzu sun gyara aikin nasu?

Anti Hauwa Famasis: An sake ai. A 2003 masu bincike a Southampton ta Ingila suka ɗauki masu lafiya 253, 206 suka kai ƙarshe, aka raba su ta hanyar ƙuri'a, wasu Belladonna 30C wasu ƙwayar bogi, ba wanda ya san nasa. Kuma cikin masu binciken har da likitan da shi kansa yana ba da homiyofati, ba maƙiya ba ne. Babu bambanci tsakanin ɓangarorin biyu. Sannan a 2007 wasu, su ma 'yan gida ne, suka tattaro rahotannin irin wannan gwaji 156 da aka buga daga 1945 zuwa 1995, suka ce yawancinsu aikin ba inganci, kuma wanda ya fi rauni a tsari shi ya fi fito da tulin alamomi. Ni wannan na ƙarshen ya fi tsaya min. Duk sanda aka tsaurara, alamomin sai su ragu.

Sadiq Indiya: Anti yanzu na tambayi abokin nawa, ya ce su ma suna ba wasu ƙwayar bogi a cikin 'yan gwajin

Anti Hauwa Famasis: Madalla, to ƙara masa da waɗannan: mutum nawa ne gaba ɗaya, nawa ne na bogin, kuma in na bogin suka rubuta ciwon kai da mafarkin maciji su ma ya ake yi da nasu? Don sau da yawa 'yan bogin kaɗan ne, kuma ba a ɗora lissafin wannan a kan wancan, zubar da littafinsu ake yi ko a tsince. Wasunsu ma cewa suke in ɗan bogi ya ji alamun to tasirin maganin ne ya game rukunin duka. Ka ga in haka ne ba yadda za a yi maganin ya faɗi jarrabawa kenan.

Alhaji Baban Usaina: Ni fa abin da na lura, duk abin da ba na Bature ba sai ku 'yan boko ku kushe shi. Haka kuke wa maganin gargajiya.

Garba Mai Raha: Baba Alhaji ai wannan ɗin ma na Bature ne, Bajamushe fa aka ce 😅 Indiyawa aro suka yi

Anti Hauwa Famasis: Kuma Alhaji dan Allah a raba su, mutane na yawan haɗawa. Saiwa da ganye da sassaƙe akwai sinadari a cikinsu na gaske, shi ya sa suke iya warkarwa kuma suke iya lalata ƙoda in an zarce. Kwinin daga ɓawon itace ya fito. Maganin maleriyar da muke bayarwa yau asalinsa wani tsiro ne dangin tazargade, wata 'yar China Tu Youyou ta samu kyautar Nobel a kansa a 2015. Waɗannan an gwada su a kan masu ciwon an ga ƙwayar cutar ta mutu a jini. Shi Hahnemann a zamaninsa ba a ma san me ke kawo maleriya ba, sai 1880 wani likitan Faransa Laveran ya ga ƙwayar a jini a Aljeriya, sannan likitan Birtaniya Ross ya gano ta cikin sauro a 1897. Kwinin kashe ta yake, ba ruwansa da ko ya sa mai lafiya rawar jiki. Ni ina ganin ƙoƙarin mutumin fa, lokacinsa likitoci tsaga jijiya suke su zubar wa mara lafiya jini su ɗura masa sinadarin makuri, wanda aka ba sukari da ruwa aka bar shi ya huta ai dole ya fi tsira. Shi ya sa abin ya yi suna.

Maman Walid: To ni tambayata, tunda kun ce ba komai a ciki, kenan ba ya cutarwa? don wata maƙociyata an kawo mata na haƙoran yara daga waje

Anti Hauwa Famasis: A'a fa, ba duka ne 30C ba. Akwai waɗanda sirkin kaɗan ne, ainihin abin yana nan, kuma kayan da suke farawa da su akwai guba irin arsenik da dafin maciji. A Amurka hukumar kula da abinci da magunguna, FDA, ta yi gargaɗi a 2016 kan ƙwayoyin haƙoran yara na homiyofati, da ta auna ta tarar Belladonna ɗin ciki bai daidaita ba, wata ƙwayar ta fi abin da aka rubuta nesa ba kusa ba. Ki ce mata ta ajiye. Kuma zazzaɓi da gudawa a jariri kar a ce haƙori ne a zauna, a kai shi a duba.

Ɗan Maraɗi: Mu nan abin ta Faransa yake zo muna, akwai shi cikin wasu hwarmasi na Yamai, 'yan siraran kwalabe masu launi. To su Faransawan da kansu inshorar gwamnati ta bar biyan kuɗinsa tun Janairun 2021 bayan hukumar lahiyarsu ta ce ba ta ga hujja ba. Abin da ni ka ba tsoro shi na masu cewa a sha shi rigakahin masassarar sauro lokacin damina.

Anti Hauwa Famasis: Wannan shi ne inda ba na wasa ko kaɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2009 ta ce kar a yi amfani da shi wa maleriya, tarin fuka, ƙanjamau da gudawar jarirai. Toshewar hancin Alhaji ko an sha ko ba a sha ba tana zuwa tana tafiya, canjin iska ma kaɗai ya isa, mutum ya bar ƙurar hunturu ya tafi wata ƙasa. Maleriya a yaro kuwa ba ta jira.

Sadiq Indiya: Wani abu kuma, na buɗe kwalbarsa ta ruwa na ji warin sifirit sosai, ya hukuncinsa?

Malam Ɗanjuma Kimiyya: Etanol ne, da shi suke jiƙa kayan kuma da shi ake ɗiga wa ƙwayoyin, a ƙwaya yawanci ya bushe, a na ruwa kuwa yana nan. Hukunci kuma sai malamai, ni iyakata abin da ke cikin kwalba. In kuma ka ce sai ka shiga, kar ka sa hannu sai ka ga takardar amincewa da ta faɗi matakin sirki, da izinin kwamitin ɗa'a, da cewa kana iya fita duk ranar da ka so.

Maman Walid: Ba inda zai shiga, yanzu zan kira Hajiyarsa

Alhaji Baban Usaina: Duk na ji bayananku kuma na gode, na maleriya na yarda. Amma ni fa har yanzu ina kan bakana a kan hancina. Jikina ne, ni na san abin da na ji.

Malam Ɗanjuma Kimiyya: To Alhaji mu yi irin ta mutanen Nuremberg mana, ranar taron zumunci bayan Sallah. Gishirin girki ne da ruwa ba mai cutuwa. Ni zan sirka a gaban kowa har sau 30, da jijjigar da komai, mu zuba a kwalabe masu lamba rabi da rabi, kowa ya ɗauka ya je ya rubuta abin da ya ji, bayan sati uku a buɗe ambulan.

Alhaji Baban Usaina: Na yarda, kuɗin kwalabe a wuyana. Amma ba kai za ka riƙe takardar ba Malam, kai ɗan adawa ne

Malam Ɗanjuma Kimiyya: Daidai kenan, dama bai kamata in san lambobin ba, haka ma mai rabawa. A samu wanda ba zai sha ba kuma ba zai raba ba.

Anti Hauwa Famasis: Ku dai tabbatar mun kai ko 40, in mu goma sha ne sakamakon ba zai nuna komai ba ko ta wane gefe. Kuma ruwan a tafasa shi, kar cikin wani ya ɓaci Alhaji ya ce ga aikin magani.

Garba Mai Raha: A ba ni ambulan ɗin ni zan ajiye

Maman Walid: Kai da ko kuɗin adashe ba a ba ka? a kai wa Liman